Karatun ƙurewar lokaci: abin da kwanan zaune yake yi wa ɗalibi kafin jarrabawa

Karatun ƙurewar lokaci shi ne ɗalibi ya tara abin da ya kamata ya karanta cikin watanni, sannan ya nemi cusa shi a kansa cikin 'yan kwanaki ko dare ɗaya. Ba cuta ba ce, amma yana kai mutane asibiti. Daga watan Afrilu zuwa Yuli, lokacin da 'yan ajin ƙarshe na sakandare suke fama da JAMB da WAEC da NECO ɗaya bayan ɗaya, likitoci sukan ga matasa da ciwon kai, bugun zuciya, zafin ƙirji, jiri, wani lokacin har da jijjiga. Wannan bayani naka ne idan kai ne mai jarrabawar, namiji ko mace, kuma na iyayenka ne da yayyenka da suke ganin fitila a kunne a ɗakinka har ƙarfe ukun dare.

Me ya sa dare kaɗai ya rage maka

Ba kowane mai kwanan zaune ne malalaci ba. A ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, ɗalibin jeka-ka-dawo daga Kwa ko Marke ko Tattarawa ko Jalli yana da wani aikin bayan makaranta. Kafin ruwa ya sauka akwai kai taki gona da sharar gona. Da zarar an yi ruwan shuka a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, duk gidan gona ya nufa, kuma noman farko yakan zo daidai da lokacin NECO. Wasu samarin suna zuwa kasuwar Dawanau neman na sabulu da na kuɗin mota. 'Yan mata kuwa girki da ɗibar ruwa da rainon ƙanne suna jiran su. Ɗan makarantar kwana, kamar na Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Tofa wadda aka buɗe a 1977 tare da ta Dawakin Kudu, ba shi da aikin gona, amma yana da tasa matsalar: gasa tsakanin abokai, da al'adar kunna tocila a ci gaba da karatu bayan an kashe fitilun ɗakin kwana.

A kan wannan kuma ga nauyin jarrabawar kanta. Jami'a tana neman kiredit biyar har da Turanci, kwasa-kwasai da yawa kuma har da Lissafi, kuma an biya kuɗin rajista da ƙyar, wataƙila sai da aka sayar da akuya ko buhun gero. Saboda haka ce maka "ba a fafe gora ranar tafiya" ba zai amfane ka da komai ba yanzu, tun da ranar tafiyar ta riga ta matso. Abin da ya rage shi ne yadda za ka ci ribar kwanakin da suka saura ba tare da ka illata kanka ba.

Yadda ƙwaƙwalwa take ajiye karatu

Abin da ka karanta yau ba ya zama daram a kanka nan take. Yana fara sauka ne a wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da likitoci suke kira hifokamfas, wanda za ka iya ɗaukar sa kamar zauren da ake sauke kaya kafin a shigar da su rumbu. Shigar da kayan rumbu yawancinsa cikin barci ake yin sa, musamman barci mai nauyi na farkon dare. A lokacin ne ƙwaƙwalwa take maimaita abin da ta koya da rana, tana ƙarfafa hanyoyin da ke tsakanin ƙwayoyinta. Idan ka hana ta barcin, ka yi asara biyu: abin da ka karanta jiya bai samu shiga rumbu yadda ya kamata ba, kuma zauren bai samu sarari ba balle ya karɓi na yau.

Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne cikin sa'o'i da yinin farko bayan koyon abu, kuma komawa kan abin bayan an ba shi tazara yana rage mantuwar sosai. Ma'ana, awa shida da ka raba cikin kwana uku sun fi awa shida da ka zauna a dare ɗaya.

Akwai binciken da ya fi kusa da halin da kake ciki. Masana a jami'ar California da ke Los Angeles sun bi ɗaliban sakandare sama da 500, kowa yana rubuta awannin da ya yi karatu da awannin da ya yi barci. Sakamakon da suka buga a 2013 ya nuna cewa ranar da ɗalibi ya yanke barcinsa don ƙara karatu, washegari ya fi fuskantar wahalar gane darasi da kuma yin kuskure a gwaji. Ba karatun ne ya cuce su ba. Barcin da suka sayar don sayen karatun ne ya fi shi tsada.

Awa nawa kake buƙata

Matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 a cikin awa 24. Na san a makon jarrabawa kaɗan ne za su samu haka, don haka ka riƙe awa 7 a matsayin iyakar da ba za ka sauka ƙasa da ita ba. Idan kana tashi sallar asuba wajen ƙarfe biyar, lissafin ya nuna ƙarfe goma ya same ka a kwance.

Ƙarfe goman nan tana da wani dalili. Wani bincike da aka buga daga Ostireliya a 1997 ya gano cewa mutumin da ya kai awa 17 idonsa biyu, saurin lurarsa da mayar da martaninsa yana raguwa daidai da na wanda ya sha giyar da a ƙasashe da yawa za a hana shi tuƙi. Wanda ya kai awa 24 ya ninka haka. Daga biyar na asuba zuwa goma na dare awa 17 ne cif. Duk shafin da ka buɗe bayan nan, da gajiyayyar ƙwaƙwalwa kake karanta shi, shi ya sa sai ka bi layi ɗaya sau uku ba ka san me ya ce ba. Ka tuna kuma a JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Mai jin barci ba rashin sani ne yake fara kayar da shi ba, jinkiri ne da karanta tambaya a karkace.

Ƙailula tana taimakawa. Minti 20 zuwa 30 bayan azahar ya isa ya wartsakar da kai. Idan ta wuce awa ɗaya ko ta kai bayan la'asar, sai ta ci barcin dare.

Shayi, Nescafe, goro da lemon ƙarin kuzari

Duk waɗannan abu ɗaya ne yake aiki a cikinsu, sinadarin kafeyin. Tun daga lokacin da ka farka, wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne yake sa ka ji barci. Kafeyin ba ya kawar da shi, toshe wurin da yake kamawa kawai yake yi. Gajiyar tana nan tana taruwa a bayan ƙofa, kuma da ƙarfin kafeyin ya sauka za ta faɗo maka gaba ɗaya, sau da yawa a tsakiyar jarrabawa.

Kofi ɗaya na garin kofi irin Nescafe yana ɗauke da kimanin miligiram 60 zuwa 80. Kofin shayi na ganyen Lipton kimanin 40 zuwa 50, kuma shayin da aka daɗe ana dafawa ya fi haka. Ƙaramin gwangwanin lemon ƙarin kuzari yakan kai 80, manyan robobi kuma sun wuce nan. Goro ma ba wasa ba ne. Babba mai lafiya ana ba shi iyakar miligiram 400 a yini, amma likitocin yara suna ba da shawarar matashi kada ya wuce kimanin 100, wato kofi ɗaya na kofi ko biyu na shayi. Ɗalibin da ya zuba leda biyu ta Nescafe a cikin lemon kwalba ya kuma bi da goro ya ninka wannan iyaka kafin tsakar dare.

Jiki yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya fitar da rabin kafeyin da ka sha. Wanda ka sha bayan isha'i, rabinsa yana yawo a jininka ƙarfe ɗaya na dare. An gwada an gani a 2013 cewa miligiram 400 da aka sha awa shida kafin kwanciya ya rage barci da fiye da awa guda. Don haka idan za ka sha, ka sha da safe ko kafin azahar, kuma ka ci abinci tukuna. Alamun ya yi yawa su ne rawar hannu, bugun zuciya da sauri, yawan fitsari, zafin ƙirji, tashin zuciya da fargabar da ba ka san dalilinta ba. Mai rawar hannu ba ya jin daɗin zana hoton Bayoloji ko riƙe kwalbar gwaji a firaktikal ɗin Kemistiri.

Ka lura da magungunan ciwon kai ma. Panadol Extra da garin Alabukun duk suna da kafeyin a ciki, kuma Alabukun yana da asfirin mai yawa, wanda yake iya tayar da gyambon ciki kuma ba a ba wa yaro ɗan ƙasa da shekara 16 sai da umarnin likita.

Ƙwayoyi

Nan ne haɗarin ya fi girma. Wani aboki zai ce maka tiramadol yana hana gajiya, shi da ya sha ya kwana yana karatu. Tiramadol maganin ciwo ne mai ƙarfi daga dangin mofin. Wanda hukumar NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne da mai 100, amma wanda yake yawo a hannun 'yan talla yakan zama mai 200 ko 225, wato ƙwaya biyu kacal sun kai ko sun haura iyakar miligiram 400 da babban majiyyaci zai iya sha a yini guda. Ba ya ƙara fahimta ko kaɗan. Jin daɗi yake sawa, sai mutum ya ɗauka karatu yana shiga. Babbar illarsa ita ce jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ga wanda bai taɓa yi ba, kuma rashin barci da kafeyin suna ƙara wannan haɗari. Idan aka haɗa shi da maganin sa barci yana iya danne numfashi har mutum ya mutu.

Maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da shi a watan Mayun 2018, kasala da barci yake sawa. Diyazefam da Roci kuwa, waɗanda wasu suke nema idan kafeyin ya hana su runtsawa, suna hana ƙwaƙwalwa ajiye sabon abu, kuma mayensu yana kaiwa har safiya. Ko Piriton da ake rainawa yana barin mutum cikin nauyin kai washegari. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne suka sha wata ƙwaya ko kayan maye a Najeriya cikin shekara guda. Da yawa ba don nishaɗi suka fara ba, don aiki ne ko karatu.

Haka nan "maganin kaifin ƙwaƙwalwa" da ake tallatawa a kasuwa da lasifika, a gari ko a roba, ba ka san abin da ke ciki ba, kuma makon jarrabawa ba lokacin gwada sabon abu a cikinka ba ne. Addu'a ba ta da illa ga jiki, tana ma kwantar da hankali. Idan rubutu za a ba ka, a wanke allon da ruwa mai tsabta, don gudawa a safiyar jarrabawa babbar asara ce.

Idan kwanaki kaɗan suka rage

Ka fara da yarda cewa ba za ka gama littafin ba. Ɗauko tsofaffin tambayoyin shekaru biyar ko goma da suka wuce, ka duba batutuwan da suke yawan dawowa, ka raba su uku: waɗanda ka iya, waɗanda ka ɗan iya, da waɗanda ba ka taɓa ganewa ba. Mafi yawan lokacinka ka ba wa na tsakiya, domin a nan ne awa ɗaya take haifar da maki. Sabon babi mai wuya da ba a taɓa koya maka ba, ka bar shi sai in lokaci ya ragu.

Sannan ka canza yadda kake karatun. Maimaita karanta shafi yana yaudarar mutum: ido ya saba da kalmomin, sai ka ji kamar ka iya. Wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada wannan a 2006. Ɗaliban da suka yi ta maimaita karanta wani rubutu sun fi tuna shi bayan minti biyar, amma bayan mako guda kashi 40 cikin ɗari kawai suka riƙe, alhali waɗanda suka karanta sau ɗaya sannan suka yi ta gwada faɗo shi da ka sun riƙe kashi 61. Wanda ya yi makarantar allo ya san wannan tun kafin a rubuta shi a mujalla. Ba a wanke allo sai ɗalibi ya kawo karatun da ka, kuma mahaddaci ba ya barin tilawar baya don ya ƙara sabo. Ka yi wa Fiziks da Bayoloji haka. Karanta sashe, rufe littafi, rubuta abin da ka tuna a takarda, buɗe ka ga inda ka ɓata. Lissafi kuwa ba a karanta shi, yin sa ake yi da biro, kuma da agogo a gefe. Idan kana da abokin karatu, ku riƙa yi wa juna tambayoyi, ko ka bayyana wa ƙaninka darasin da Hausa. Inda bayanin ya maƙale, nan ne ba ka gane ba.

Ka yi minti 30 zuwa 45, ka tashi ka miƙe ƙafa na minti biyar, ka kalli nesa don ido ya huta. Darasi mai wuya ka ba shi bayan sallar asuba, lokacin da gari yake da sanyi kuma kai ya huta. Wayarka kuwa ka ba wa wani ya riƙe maka. Zaman jiran amsar sata a WhatsApp har tsakar dare yana cinye barci, amsar sau da yawa ta bogi ce, kuma idan aka kama ka hukumar jarrabawa tana iya riƙe sakamakonka ko soke shi.

Abinci, ruwa da zafi

A watan Afrilu da Mayu zafin rana a Kano yakan kai digiri 40. Ƙarancin ruwa a jiki, ko kaɗan ne, yana kawo ciwon kai da raguwar natsuwa. Ka sha aƙalla lita biyu a yini, wato leda huɗu ta fiya wata, fiye da haka idan ka je gona. Fitsari mai launin shayi alama ce ruwan bai isa ba. Kada ka shiga jarrabawa da yunwa, kuma kada ka cika ciki da tuwo mai nauyi minti kaɗan kafin ta. Koko da ƙosai, ɗumame kaɗan, ko shayi da burodi da ƙwai sun wadatar. Ka guji abincin da ya kwana a buɗe da zoɓo ko ƙunun ayan da ba ka san ruwan da aka yi su da shi ba. Idan jarrabawa ta faɗo cikin azumi, kamar yadda WAEC ta yi a 2019, kada ka bar sahur, ka rarraba shan ruwa daga buɗa-baki zuwa sahur, ka kuma rama barci da ƙailula.

Fitila da hayaƙi

Karatu a haske mara ƙarfi ba ya makantar da mutum, amma yana gajiyar da ido ya kawo ciwon kai. Fitilar sola ko mai caji ta fi aci-balbal da kyandir, waɗanda hayaƙinsu yake tayar da asma, kuma mai gyangyaɗi kusa da wuta da gidan sauro yana wasa da gobara. Janareta kuwa kada a taɓa kunna shi a cikin ɗaki, a soro rufaffe, ko a gindin taga. Iskar kabon monoksaid da yake fitarwa ba ta da wari, ciwon kai da jiri da barci take fara sawa, kuma ta sha kashe iyali guda cikin dare. Idan duk wanda ke ɗakin ya tashi da ciwon kai lokaci ɗaya, ku fita waje nan take.

Daren jarrabawa da fargaba

Ka rufe littafi awa ɗaya kafin kwanciya, ka haɗa biro da fensir da katin jarrabawa da kuɗin mota. Idan cibiyar JAMB ɗinka tana cikin birni, ka san hanyarta tun kafin ranar. Idan ka kwanta barci ya ƙi zuwa, kada ka tsorata. Dare ɗaya na barci mara daɗi bayan mako na barci mai kyau ba zai rushe ka ba, kuma kwanciya ido rufe ta fi komawa kan littafi.

Faɗuwar gaba kaɗan tana da amfani, jiki ne yake sakin adirenalin don ya shirya ka. Idan ta yi yawa ne take toshe tunani, har ka ga tambayar da ka sani kanka ya zama fayau. Abin da ka karanta bai goge ba. Ajiye biro, ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, sake shi a hankali kana ƙirga shida, ka maimaita sau biyar ko shida, sannan ka fara da tambayar da ta fi sauƙi. Wasu, musamman a makarantun kwana, fargabar takan sa su numfashi da sauri har yatsu da leɓɓa su yi tsami, hannu ya ƙage, su ji kamar za su mutu. Sau da yawa akan ce iska ce. Saurin numfashin ne yake rage iskar kabon dayoksaid a jini, kuma yana wucewa cikin mintuna idan aka janye taron jama'a aka zauna da mutum ana numfashi a hankali tare da shi. Amma idan karon farko ne, likita ya duba, don asma da ciwon zuciya da ƙarancin jini suna iya kama da haka.

Idan kana da wani ciwo tun da

Mai farfaɗiya, rashin barci yana cikin manyan abubuwan da suke tayar masa da ita. Kwanan zaune ba naka ba ne ko sau ɗaya, kuma kada ka daina maganinka wai don yana sa ka barci. Ka je a duba ko za a gyara lokacin shan sa. Mai sikila, ƙishirwa da zafi da gajiya da damuwa duk suna tayar da ciwon ƙashi, don haka robar ruwa ta zama abokiyar tafiyarka, kuma a sanar da makaranta tun da wuri. Mai asma ya shiga da abin shaƙarsa a aljihu. Mai gyambon ciki ya nisanci kofi da ibufurofen da dikulofenak. Mai ciwon suga da yake allurar insulin kada ya tsallake abinci, ya riƙe dabino ko alawa.

Ke kuma da al'adarki take zuwa da ciwon mara, ki duba jadawalin jarrabawa ki ƙirga kwanakinki. Ibufurofen bayan cin abinci, da zarar ciwon ya fara, yana aiki sosai idan ba ki da gyambon ciki ko asma ko ciwon ƙoda. Idan jinin yana da yawa kuma kina yawan jiri da haki, a auna jininki, domin ƙarancin jini yana rage natsuwa kuma yana da magani mai sauƙi.

Farasitamol don ciwon kai: ƙwaya biyu masu miligiram 500 ga wanda ya kai shekara 16 kuma nauyinsa ya haura kilo 50, da tazarar awa shida, kada ya wuce sau huɗu a yini. Zazzaɓi kuwa, musamman bayan saukar damina, a yi gwajin maleriya a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ran da ya fara. Idan an same ta a shanye maganin na kwana uku cif. Jira sai an gama fefa yakan jawo a rasa fefa uku.

Ga iyaye

Taimakon da ya fi kowanne shi ne ku saya wa yaron lokacin rana. Ku ɗauke masa aikin gona ko talla ko girki na waɗannan makonni gwargwadon iko, don kada dare ya zama shi kaɗai ne nasa. Ku daina auna ƙoƙarinsa da tsawon daren da ya raya. Kuma ku kula da harshe: "idan ka faɗi kada ka dawo gidan nan" magana ce da babba yake mantawa da ita, yaro kuma ya kwana da ita. Faɗuwa tana da gyara. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu, JAMB kuma duk shekara ake yi. Wani lokacin ma laifin ba na ɗalibi ba ne: a watan Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000, aka sake musu jarrabawa.

Ku sa ido kan yaron da ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa mutane, yake kuka a ɓoye, ko yake cewa gara ya mutu, kafin jarrabawa ko bayan fitowar sakamako. Ku tambaye shi kai tsaye cikin taushi, tambayar ba ta cusa masa tunanin. Gidan manomi ba ya rasa maganin feshi, fiya-fiya ko shinkafar ɓera. Ku kulle su, kada ku bar shi shi kaɗai, ku kai shi ga likita a ranar.

Lokacin da za a tafi asibiti ba jira

A tafi nan take idan ɗalibi ya yi jijjiga ko ya suma, idan yana ciwon ƙirji ko bugun zuciyar da ya ƙi lafawa bayan hutu, idan ya yi aman jini ko baƙin bayan gida, idan numfashinsa ya yi ƙasa ko an kasa tashe shi bayan shan wata ƙwaya, ko idan ya sha guba ko da ya ce kaɗan ce. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya a lokacin bazara sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Wanda ya yi kwana biyu ko uku bai runtsa ba kuma ba ya jin gajiya, yana surutu ba tsayawa, yana jin muryoyi ko zargin ana bin sa, shi ma na gaggawa ne.

Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko wani jiƙo, kada a yi masa hayaƙi. Yawunsa ba ya yaɗa ciwon. Wanda ya sha guba kada a sa shi amai ko a ba shi manja ko madara, a tafi da shi tare da robar abin da ya sha.

Babban asibitin Dawakin Tofa shi ne matakin farko, daga nan a iya tura ku asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a birni. Matsalar damuwa, rashin barcin da ya wuce mako biyu, ko ƙwayar da aka kasa bari, asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau yana cikin wannan ƙaramar hukuma, kuma ana ganin likita a koma gida a ranar ba sai an kwantar da mutum ba. Idan za ku je, ku tafi da fakitin duk abin da yaron ya sha, ku kuma faɗa wa likita adadinsa da lokacin da ya sha.